Sai a Rubuce

Litinin, 4 ga wata

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma tarin nan da ƙurar siminti ta sa maka ya lafa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagaya gida tana neman abin da za ta yi faɗa a kai. Ranar Juma'a na leƙa matarka Anti da yara a sashen da mahaifinta ya ba su. Ƙaramin ya fitar da haƙora biyu, kuma a yatsana ya fara gwada su.

Direban kamfaninku ya ce jibi zai juya wurin aikin dam ɗin, shi ya sa nake rubutu a gurguje. Wai a wannan zamani mutum yana inda waya ba ta shiga, sai an jira motar kayan abinci. Allah ya dawo mana da kai cikin mutane.

Maganar surukinka ce, Baba Mai Katifa. Wata bakwai ke nan da ka haɗa mu na fara rubuta masa tallan katifunsa, kuma ban taɓa kawo maka ƙara ba. Mutum shida nake yi wa rubutun talla a teburina na bakin taga, amma shi kaɗai yake cinye rabin satina. Ina shafa wa Inna magani zai kira. Ina cin abinci zai kira. Rannan na fito daga wanka na tarar da shi a falo kan kujerar Inna, wai wata jimla ce ta faɗo masa a mota, in ɗauko biro kafin ta gudu. Takardar talla guda sau goma sha ɗaya ya sa na sake, daga ƙarshe ya ce ta farkon ta fi daɗi. Duk na shanye saboda kai.

Na makon jiya ne na kasa shanyewa. Ya kira ni ya ce a takardar da za a raba wa mutane a mayar da garantin katifa shekara biyar maimakon biyu. Na maimaita masa, ya ce ƙwarai. Aka buga dubu uku. Da Manaja, babban ɗan nasa, ya gani, sai ya kira ni ofis ya yi mini wankin babban bargo a gaban ma'aikata. Na juya na kalli Baba. Yaya, sai ya kawar da kai ya ce shi bai tuna ya faɗi haka ba, yaran yanzu akwai son ƙara gishiri.

Maganar ta fita waje. Mai makarantar da nake yi wa aiki ta kira ni tana tambaya cikin dabara, wai da gaske ne nakan ƙara abin da ba a ce ba. Ka san sana'ata ba ta da shago, in mutane suka daina yarda da ni na tashi aiki.

Don haka na tsara ƙa'idoji a shafi guda, zan aika wa dukansu shida. Gyara sau biyu ne kawai. Waya daga tara na safe zuwa biyar na yamma. Ba a zuwa mini gida kan aiki. Babbar cikinsu kuwa, duk wani canji sai a rubuce, ko da layi ɗaya ne a saƙon waya. Ina sanar da kai ne don kada ka ji a bakin wani.

Inna ta ce ka riƙa sa takunkumin fuskar da aka ba ku.

Taka,
Auta


Laraba, 20 ga wata

Auta,

Na sami takardarki jiya, mota ta yi kwana tara a gareji. Tari ya tafi. Ki ce wa Inna ina sa takunkumin, ki rantse mata a madadina in ta buƙata. Na ji daɗin labarin ƙafarta.

Raina ya ɓaci da abin da Manaja ya yi miki. Ba yau ya fara ba, bakinsa ya fi kansa sauri. Ƙa'idojinki kuma ban ga laifinsu ba, da ma na sha gaya miki kina barin mutane suna hawa kanki. Ki aika wa biyar ɗin.

Amma Baba ki cire shi daga maganar rubutu. Sauran ukun ki bi shi da su a hankali, da baki, ba da takarda ba. Ki bar shi ya riƙa faɗa miki abin da yake so yadda ya saba. Akwai dalili, kuma ba nawa ba ne balle in faɗa. Ki yarda da ni kawai. Abu na biyu, duk abin da ya shafi Baba kada ki bi da shi ta hannun Manaja, ko da kuwa ya fi miki sauƙi.

Maganar garanti ki bar ta ta wuce. Mutum yakan faɗi abu ya manta, wani lokaci kuma waya takan sa a ji ba daidai ba. Ki tuna matata da 'ya'yana uku suna ƙarƙashin rufinsa, kuma sai baɗi kwangilar nan za ta ƙare. Daga nan ba abin da zan iya gyarawa in ya lalace.

Ki gaishe da Inna. Ki daina ba yaron nan yatsanki.

Yayanki


Asabar, 23 ga wata

Yaya,

Muna lafiya, Inna na gaishe ka. Na ji daɗi da tarin ya tafi.

Takardarka ta makara. Tun ran shida ga wata na aika ƙa'idojin, kuma na Baba a hannun Manaja na ba da, don shi na tarar a ofis. Ya karanta ya yi dariya ya ce da ma haka ya kamata. Da Baba ya shigo ya miƙa masa, Baba ko kallon takardar bai yi ba, ya ninke ta ya sa a aljihu. Na yini na kwana ina gyara kalmomin nan don kada su yi kaushi, shi kuwa bai ga darajar ya buɗe ba. Sai Manaja ya karɓe ta ya karanta masa da ƙarfi, layi bayan layi, yana jan murya. Baba ya ce, "To, mun zama baƙi ke nan." Ya shige ciki.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Layinka ne, inda ka ce waya takan sa a ji ba daidai ba. Na karanta shi ya fi sau goma. Ashe kai ma kana ganin ni na ƙara. Kai ka koya mini riƙe biro, kai ka kai ni makaranta a bayan kekenka, ka san ban iya ƙarya ba ko a kan naman miya. In Manaja ya ce ni maƙaryaciya ce zan iya wanke fuska in wuce. Kai kuwa ban san inda zan ajiye naka ba.

Ka ce akwai dalili. Dalilin da na gani shi ne shi babba ne mai gida, ni kuma ƙanwarka ce da ba ta da rufin da za ta ba kowa. Na gane, kuma ban ce ka zaɓa tsakaninmu ba. Amma ba zan cire shi ba. Ai saboda shi aka yi ƙa'idar. In na cire shi, mutum biyar da ba su yi mini komai ba na ɗaure, mai laifin na sake.

Na je gidan Baba jiya. Anti ta ba ni ruwa ta koma kicin, ba ta fito ba sai da na yi sallama zan tafi.

Auta


Lahadi, 8 ga wata

Yaya,

Shiru dai. Direba ya zo sau ɗaya, na tare shi a bakin titi, ya ce ba ka ba shi komai nawa ba. Ina fata lafiya ce. Mu kalau, sai Inna da ke tambaya kullum, ni kuma ina ce mata aiki ne ya yi maka yawa.

Gara ka ji daga bakina. Jiya aka buɗe sabon shagon Baba. Ni na rubuta allon ƙofa da fosta da sanarwar rediyo, shi da Manaja duk suka sa hannu tun ranar Litinin. Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu Baba ya kira. Ya ce a ƙara cewa duk wanda ya sayi katifa ranar buɗewa za a ba shi filo biyu kyauta.

Na ce, "To Baba, ka turo mini a saƙo, layi ɗaya ya isa."

Ya ce, "Maganata ba ta isa ba?"

Na ce, "Ta isa, Baba. Ƙa'idar aikin ce."

Ya ce, "Ga ni ina gaya miki da bakina. Ni ne mai katifar, ni ne mai filon."

Sai na tuna ranar da ya kawar da kai. Na ce in saƙon ne ba ya so, ya gaya wa Manaja ya turo. Sai ya kashe wayar.

Mai buga fosta da gidan rediyo sun ba ni zuwa sha biyun ranar Juma'a. Na zauna wayar tana kan tebur a gabana, na kasa taɓa aikin kowa. Sau biyu na buɗe rubutun na sa maganar filon, sau biyu na goge. Sha biyu saura minti biyar na aika yadda aka sa hannu.

Yaya, da gaske yake. Da na je jiya na tarar da filo ɗari uku an jibge su a bayan shago har rufi, cikin ledarsu. Da kansa ya yi odarsu bai gaya wa kowa ba, yana so ya burge mutane. Ba wanda ya zo dominsu, don ba wanda ya sani. Jama'a ba ta taru yadda aka so ba. Manaja ya tsaya a gaban filolin yana tambayar mahaifinsa, a gaban baƙi, wai me ya hana shi tura layi ɗaya, ko danna waya ma yanzu ya gagara. Da zan wuce Baba ya ce mini, "Sannu da aiki." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da yamma Anti ta turo saƙo wai in ɗan dakata da zuwa gidan.

Ban san ko daidai na yi ba. Na san dai in da na saka, ya sake cewa bai tuna ba, da yanzu ba ni da sana'a. Ka rubuto ko da faɗa ne.

Auta


Talata, 17 ga wata

Auta,

Lafiyata ƙalau. Takardunki biyu suna gabana, ga ta maman yara ta uku. Wancan karon da gangan ban ba direba komai ba. Na rubuta miki shafi biyu na yaga, don abin da ke ciki ba na aikawa ba ne.

Na ce ki yarda da ni. Sau nawa na taɓa roƙonki haka? Kin ɗauki layi ɗaya kin yi ta juya shi, kin bar wanda na ja wa layi a ƙasa. Ban taɓa zaton kin ƙara komai ba. Neman hanyar da maganar za ta mutu nake yi, na kuma yi shi da rashin dabara, wannan laifina ne.

Yanzu zan karya alkawari, ki san nauyin abin da kika sa ni.

Baba ba ya gani. Shekara ɗaya da rabi ke nan. Yana gane mutum, yana gane ƙofa da mota, amma rubutu ko lamba ko fuskar waya, babu. Likita ya ce ba zai dawo ba. Kullum da safe maman yara take shiga ta karanta masa takardun ranar, ya haddace, ya je ofis ya riƙe takarda kamar mai dubawa. Lambobin da yake kira ita ta jera masa su a maɓalli. Daga ita sai ni muka sani, don ni na kai shi asibitin, kuma a cikin mota ya riƙe hannuna ya sa na yi masa alkawari.

Manaja ya daɗe yana neman hujjar da zai ce tsoho ya koma gida ya huta, kuma ƙannensa suna bayansa. Ran da ya gane, Baba ya gama zuwa ofis. Mutumin da ya fara da ɗinkin katifa ɗaya a rumfa. Shi ya sa ya musa maganar garanti. Ya faɗa, ya gaya wa 'yarsa ya faɗa, amma ya ga ɗansa yana tara masa kurakurai sai ya tsorata ya jefa ke. Ya cuce ki, ban musa ba, kuma na gaya wa maman yara haka.

To ki duba abin da kika ce masa ranar Alhamis. Ya rubuto, ko ya je ya roƙi Manaja ya rubuta masa. 'Yarsa kuma ta kai yaro asibiti ran nan, ko da tana nan ma, girman kansa ba zai bar shi ya bi umarnin takardarki ba.

Ban ce ki janye komai ba, na gaji da cewa. Abu ɗaya nake roƙo, kada ya san kin sani. Ki ƙona wannan.

Yayanki


Juma'a, 27 ga wata

Yaya,

Ina fata kana lafiya. Inna lafiya. Na ƙona takardar a kicin, na tsaya har ta zama toka. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ranar da ya ninke ƙa'idojina ya sa a aljihu ta yi ta dawo mini, ni ina can ina cewa raini ne.

Kwana uku ina tunani. In na janye ƙa'idar, gobe in ya sake tsorata ni zai sake jefawa. In na bar ta yadda take, na ɗaure makaho da igiyar da ba zai iya kwancewa ba. Sai na sami wata hanya, na je ofis ranar Talata da safe, lokacin da na san Manaja yana sabon shago.

Na gaishe shi, ya amsa a daƙile. Na ce na zo da sabon tsari. Duk canjin da yake so ya faɗa mini a waya, in ɗauki muryarsa, in karanta masa rubutun gaba ɗaya daga farko har ƙarshe, in ya ce ya yarda in ajiye. Wannan ya zama sa hannunsa. Sauran ukun suna nan yadda suke.

Ya ce, "Ni sai da yamma kaina yake kawo magana."

Na ce, "Ka riƙe ta zuwa safe, Baba. In mai kyau ce ba za ta gudu ba."

Ya ɗan murmusa. Na ce kuma akwai maganar sunana, mai makaranta har yanzu tana ɗari-ɗari da ni. Ya ce ya san mijinta, zai kira. Ya kuma kira, don jiya ta turo mini aiki ba tare da ta ce komai ba.

Na zaci na tsira. Har na ɗauki jakata sai ya ce, "Wannan karanta wa mutum da baki, duk masu ba ki aiki za ki yi wa?"

Na ce, "Wanda ya so."

Ya ce, "Su waye suka so?"

Na hau gyara jakata a kafaɗa. Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, ya ce, "Wa ya gaya miki?" Na ce ba wanda ya gaya mini komai, amma muryata ta yi rawa, ni kaina na ji. Ka san ban iya ƙarya ba. Ya ce, "'Yata ba za ta faɗa ba." Ya daɗe yana murza bakin teburin da yatsa. Sannan ya ce ya karɓi tsarin, aiki ya ci gaba, in kuma gaya wa yayana ya gode da riƙon amana.

Yaya, ka yafe mini. Abu ɗaya ka roƙe ni, shi ma na kasa.

A ranar, biyar da minti ashirin, wayata ta yi ƙara, shi ne. Na san gwada ni yake. Na zauna a kan hannuwana ina kallonta har ta katse. Washegari tara daidai ya kira, muka yi aiki minti goma, na karanta masa, ya ce ya yarda. Bai ambace ka ba, ni ma ban iya ba.

In kana so in koma in ce masa ya kira duk lokacin da ya ga dama, ko zai huce da kai, ka faɗa. Wannan karon zan yi.

Auta


Alhamis, 9 ga wata

Auta,

Ina lafiya. Ki gaishe da Inna, ki ce mata na ƙara ƙiba, ko da ba gaskiya ba ne.

Takardar maman yara ta zo tare da taki. Tun da na zo wurin nan, a ƙarshen kowace takardarta akwai layi biyu da Baba yake faɗa ta rubuta mini, yawanci faɗa ne kan in riƙa cin abinci. Wannan karon babu. Ta ce bai kore su ba, bai canza wa yara fuska ba, amma in ta ambaci sunana sai ya ce ta ci gaba da karatu. Ita ma tana fushi da ni, kuma tana da gaskiya. Shekara tara yana kirana ɗansa. Ban san ko zai sake ba, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda na zata.

Ba ke kika karya alkawari ba, ni ne, da hannuna da birona. Da na gaya miki tun farko, ko da na yi shiru har ƙarshe, da ɗayanku bai ji ciwo haka ba. Na tsaya a tsakiya ina so kowa ya yarda da ni a makance. In kwangila ta ƙare zan je in durƙusa a gabansa, wannan tsakanina da shi ne, kada ki sa baki.

Maganar ki koma ki ce ya kira duk lokacin da ya ga dama, kada ki kuskura. Ba zai huce da ni don kin ɗaga waya ba, zai dai gane cewa ke ma ana iya tanƙwara ki. Yanzu a duk garinmu ke kaɗai ce kika san halin da yake ciki kuma ba ki tausaya masa har ki raina shi ba. Na riga na rasa abin da na rasa a wurinsa, Auta. In kika sassauta, a banza na rasa shi.

Ƙarfe biyar ta yi, ki kashe wayarki.

Yayanki